Shiru Ma Magana Ce: Bin Diddigin Haɗin Soket Idan Saba Ta Ƙi Amsawa, da Misalai daga Kafanchan da Kudancin Kaduna

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ke wakana tsakanin kwamfuta mai neman haɗi da sabar da take nema a lokacin da amsa ta ƙi zuwa. Hujjarta ita ce shirun saba iri-iri ne, kuma kowane iri yana nuna wurin da matsalar take, in har ma'aikaci ya tsaya ya saurare shi kafin ya kai hannu ga makunni. An gina bayanin a kan yadda ƙa'idar TCP ke aiki, da kuma abin da marubucin ya ci karo da shi a ɗakunan kwamfuta da shagunan intanet na Kafanchan da kewaye, inda ɗaukewar wuta da nisan hanya ke sauya amfanin wasu saituna da aka tsara su da wata ƙasa a zuciya.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bin layin mai POS a kasuwar Kafanchan, ko ya raka ɗansa shagon intanet don rajistar jarrabawa, ya ji jumlolin nan biyu: “babu netwok” da “sabar ce ba ta aiki”. Mai shago na faɗinsu ne don ya kwantar da hankalin jama'a, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ke damuna shi ne mu ma da muka karanta fannin mun aro su, mun mayar da su ganewar asali. Daga nan sai a kashe na'ura a kunna, a sauya layin waya, a ɗaga rauta a kai ta bakin taga. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki.

Soket da nake magana a kai ba na bango ba ne da ake soka filogi. Ƙofa ce ta cikin manhaja, wadda shiri ke buɗewa don ya yi magana da wani shirin a wata na'ura. Tsarin da kusan kowa ke bi yau ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, cikin 4.2BSD a 1983. Ita kuwa ƙa'idar TCP da yawancin soket ke hawa, an bayyana ta a RFC 793 a 1981, aka sake tattara ta a RFC 9293 a 2022. Abubuwa huɗu ke bambanta kowane haɗi da ɗan'uwansa: adireshin mai nema da lambar ƙofarsa, adireshin saba da lambar ƙofarta, kamar 443 ta shafukan da aka kulle da sirri ko 3306 ta rumbun bayanai na MySQL.

Sallama da amsarta

A Kafanchan, Musulmi ko Kirista, ba ka faɗa wa gidan mutum sai ka yi sallama. Haka TCP take. Mai nema ya aika SYN, sallamarsa ke nan. Saba ta mayar da SYN-ACK, wato ta amsa ta kuma yi tata sallamar. Ya rufe da ACK. Sai bayan wannan gaisuwa mai hawa uku ake shiga zance.

Wanda ya yi sallama a ƙofar gida, ɗayan abu uku yake gamuwa da shi. Ko a amsa masa. Ko yaro ya leƙo ya ce mai gidan ba ya nan. Ko kuma ya ji tsit. Yaron nan shi ne RST, ƙunshin da na'ura ke mayarwa idan babu wani shiri da ke saurare a ƙofar da aka nema, kuma shi ne shirin mai nema ke gani da sunan ECONNREFUSED. Mutane kan tsorata da shi, alhali albishir ne: saƙonka ya isa, na'urar tana raye, hanyar dawowa ma a buɗe take. Abin da ya rage kawai shi ne a gano me ya sa ƙofar ba kowa. Tsit ɗin, wato ETIMEDOUT, shi ne mai wuyar sha'ani, domin bai faɗa maka ko sallamar ce ba ta isa ba, ko amsar ce ta ɓace a hanya, ko wani mai gadi ne ya haɗiye ta.

Don haka kayan aiki na farko da nake ba ɗalibaina shawara su riƙe shi ne agogo. Linux, bisa tsohon saitin da aka daɗe ana amfani da shi, yana maimaita SYN sau 6, yana ninka jiran kowane karo, daga daƙiƙa 1 zuwa 2, 4, 8, har jimilla ta kai kusan daƙiƙa 127 kafin ya haƙura. Windows kan haƙura a wajen daƙiƙa 21. In kuskure ya fito nan take, an ƙi ka ne. In ya fito bayan daƙiƙa 21 ko 127, sallamar ce ba a amsa ba. In kuwa ya fito daidai a daƙiƙa 30 ko 60, to akwai alamar an riga an gaisa, wa'adin da marubucin shirin ya sa ne ya cika yana jiran amsar buƙata. Ba ka taɓa waya ko ɗaya ba, amma ka raba matsalar gida uku.

Na ga amfanin wannan a ɗakin kwamfuta na wata makaranta a kan hanyar Kagoro. Wani matashi ya rubuta musu shirin shigar da sakamakon ɗalibai, ya ɗora shi a kan kwamfutar ofis. A gabansa yana aiki lafiya lau. Daga sauran kwamfutocin kuwa sai dabaran nan ya yi ta juyawa. An sauya waya biyu, an zargi mai sayar da rauta. Da na ƙirga, daƙiƙa 21 ne cif kowane gwaji. Muka buɗe ƙofar a katangar tsaron Windows, wadda al'adarta ce ta yar da abin da ba ta yarda da shi ba ba tare da ta ce uffan ba. Muka sake gwadawa, sai kuskure ya fito kafin a ɗauke yatsa daga maɓalli. Shugabar sashen ta dube ni ta ce, “Malam, ai ka ƙara ɓata shi, ɗazu yana ɗan ƙoƙari.” Na ce, “Ranki ya daɗe, ɗazu ba a ji mu ba, yanzu an ji an ce ba kowa.” Umarnin netstat ya nuna shirin yana saurare a 127.0.0.1, adireshin da na'ura ke magana da kanta kawai. Aka mayar da shi adireshin katin sadarwar ofis, aiki ya tashi. Cuta biyu ce ɗaya a kan ɗaya, ta sama ta rufe ta ƙasa, kuma sauyawar nau'in kuskuren ce kaɗai shaidar cewa mun warkar da ta farko.

Hanya da nisanta

Kafanchan mahaɗa ce tun zamanin da layin dogo na gabas ya iso ta a shekarun 1920, inda hanyar Fatakwal ke rabuwa zuwa Kaduna da Jos. Mutanen garin sun san kaya kan yi tsaye a wata tasha ba tare da mai aikawa ko mai karɓa ya sani ba. Aikin traceroute, wanda Van Jacobson ya rubuta a 1987, shi ne ya kira sunan tashoshin ɗaya bayan ɗaya har a ga inda jirgi ya tsaya. Shi kuwa ping, na Mike Muuss a 1983, tambaya ɗaya yake yi: kana nan? Sai dai a yi hattara da su duka biyun. Suna dogara da saƙonnin ICMP, kuma sababbin sabobi da yawa an hana su amsa irin wannan. Rashin amsar ping ba mutuwar saba ba ne. Gara a ƙwanƙwasa ainihin ƙofar da ake so da netcat ko curl.

Garin nan yana da tarihi a wannan fage da ya cancanci a ambata. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take zaune a Bayan Loco, ta kafa Zittnet a tsakiyar shekarun 2000 da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada da ƙwararrun IT+46 na Suwidin: intanet ta tauraron ɗan'adam, ana raba ta ga makarantu da cibiyoyi ta hasumiya da rediyo, cibiyar kuma na dogaro da batura da hasken rana. Tauraron irin wannan yana zaune ne a nisan kilomita 35,786. Ko da gudun haske, hawa da sauka sau biyu, zuwa da dawowa, na cin kusan rabin daƙiƙa, a aikace kuma ya kan kai wajen kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa. A lissafa: zagaye ɗaya na gaisuwar TCP, biyu na ƙulla sirri a tsohon tsarin TLS, ɗaya na buƙatar kanta. Daƙiƙa biyu sun wuce kafin harafin farko ya iso. Shirin da aka rubuta a inda saba ke bayan gida, aka sa masa wa'adin daƙiƙa 2, zai yi ta rantsuwa cewa saba ta mutu alhali amsarta na hanya. Yau yawancinmu na kan layin waya ne, wasu kuma sun koma Starlink da ya shigo Najeriya a farkon 2023 kuma yake shawagi ƙasa-ƙasa, amma darasin bai tsufa ba. Hasumiyar waya da ta cika da jama'a ranar kasuwa a Kwoi ko Zonkwa kan tara ƙunshi a layi har jinkirin ya zarce na tauraro.

Wani lokaci kuma da gaske hanyar ce ta yanke, can nesa da ikon kowa a nan. A ƙarshen Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda tsaro. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka shiga wahala. Alamar irin wannan rana a bayyane take ga mai lura: wasu shafuka na buɗewa, musamman masu saba a cikin gida, na waje kuma sun yi tsit gaba ɗaya. Ba abin da za a gyara a ofis, sai a rubuta lokaci a jira.

Akwai wata cutar hanya da ta fi waɗannan wayo. Shafin shiga ya buɗe, an sa suna da kalmar sirri, komai daidai, amma da an zo ɗora hoton fasfo sai abu ya daskare. Ƙananan saƙonni na wucewa, manya na maƙalewa. Girman ƙunshi da aka saba a Ethernet bayit 1500 ne, sai dai wasu hanyoyin sun fi haka ƙunci: PPPoE na barin 1492, ramukan VPN ƙasa da haka. Bisa tsarin RFC 1191 na 1990, tashar da ƙunshi ya fi ƙarfinta za ta aiko saƙon ICMP ta ce a rage. In wani mai tsaro ya toshe ICMP kaf saboda tsoro, saƙon ba zai iso ba, mai aikawa ya yi ta tura babban kaya yana faɗawa rami. Gwajin mai sauƙi ne: a yi ping da bayit 1472 tare da hana gutsurawa, wanda da kanun bayit 28 ya cika 1500, a riƙa ragewa har ya wuce. Magani kuma layi ɗaya ne a rauta da ke daidaita girman da ɓangarorin biyu ke sanar wa juna lokacin gaisuwa.

Haɗin da ya mutu bai sani ba

A ganina wannan ce cutar da ta fi zama tamu, kuma ita ce littattafan koyarwa suka fi wucewa da sauri, wataƙila don inda aka rubuta su wuta ba ta ɗaukewa sau biyar a wuni.

TCP ba ta da bugun zuciya. In an gaisa aka yi shiru, kowane ɓangare na ɗauka ɗayan yana nan, ko da an kwana. Rabuwa ta mutunci tana da ƙa'ida, ana aika FIN a yi ban kwana. Amma na'urar da wuta ta ɗauke mata ba ta ban kwana da kowa. Ku duba yadda ofisoshinmu suke: ma'aikaciya na kan kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir, saba na can Abuja ko Legas ko Turai, rauta kuma na jone da bango. An ɗauke wuta, mai gadi ya je ya tayar da janareta, minti uku. Rauta ta farfaɗo, fitilunta sun yi kore, alamar Wi-Fi ta dawo. Ma'aikaciya ba ta ga komai ba. Sai dai teburin da rauta ke riƙe da shi a ƙwaƙwalwa, wanda ke tuna wace kwamfutar ciki ce ke da wane haɗi da waje, ya goge. Sau da yawa ma kamfanin waya ya ba ta sabon adireshi. In a daidai lokacin shirin yana jiran amsa ne, to ya shiga jiran gawon shanu: a wajensa haɗi na nan a matsayin ESTABLISHED, amsar kuwa an kai ta gidan da aka riga aka tashi. In shi ke aikawa, Linux na iya shafe kusan minti 15 yana maimaitawa kafin ya sallama.

Ko ba ɗaukewar wuta ma hakan na faruwa. Saboda ƙarancin adireshin IPv4, kamfanonin waya na cusa dubban masu amfani a bayan adireshi ɗaya, kuma an ware musu zangon 100.64.0.0/10 don wannan a RFC 6598 na 2012. Na'urorin da ke wannan rabo suna share duk haɗin da ya daɗe bai motsa ba don su samar wa wasu wuri. RFC 5382 ya ce kada a share kafin sa'a 2 da minti 4, amma a aikace ana samun masu sharewa cikin 'yan mintuna. Shi ya sa haɗi da rumbun bayanai ke aiki da safe, a tafi cin abinci, a dawo ya ƙi motsi. Wannan tsari ne kuma ya sa wanda ya kafa saba a shagonsa a kan layin waya ba zai taɓa jin sallamar kowa daga waje ba, ko ya buɗe kowace ƙofa a rautarsa. Ya duba adireshin da aka ba rautar. In ya faɗa cikin zangon can, ba shi da ƙofar kansa a titi.

Akwai maganin da aka tanada, wato ɗan saƙon “kana nan?” da TCP kan aika in an kunna SO_KEEPALIVE. Matsalar ita ce RFC 1122 na 1989 ya ce kada asalin saitinsa ya gaza sa'a 2. A Linux daƙiƙa 7200 ne, sannan gwaji 9 a tazarar daƙiƙa 75, wato sa'a 2 da minti 11 da 'yan kai kafin a tabbatar an yi rasuwa. A lokacin da aka yanke wannan hukunci yana da hujja, layi na da tsada. A ofishin da ke sauya wuta tsakanin kamfanin lantarki da janareta da sola, wannan saiti daidai yake da babu. Shawarata ga masu rubuta mana shirye-shirye ita ce su sauko da shi zuwa minti ɗaya ko ƙasa, su sa wa kowane karatu daga soket wa'adi, su kuma koya wa shirin ya sake ƙulla haɗi da kansa. Shawarata ga masu ofis ta fi arha: ƙaramin batir ga rauta kaɗai.

An amsa sallama, ba a fito ba

Saura shirun da ke zuwa bayan gaisuwa ta kammala. A nan ana yawan ruɗuwa, domin zuciyar tsarin aiki ce ke amsa SYN, ba shirin ba. Shirin na iya sumewa, netcat ya ce ƙofa a buɗe take. Baƙi na taruwa a zaure, wato layin jiran da listen ya tanada, wanda iyakarsa a Linux ta kasance 128 har sigar 5.4 ta ɗaga ta zuwa 4096. In zaure ya cika sai a daina amsa sababbin sallama, daga waje kuma abin ya yi kama da yankewar hanya sak. Umarnin ss a kan sabar zai nuna tsawon layin. In kuma aka ga ɗaruruwan haɗi a matsayin CLOSE_WAIT, to shirin ne ba ya rufe soket bayan baƙo ya tafi, kuma da ya kai iyakar fayiloli 1024 da aka saba sa wa shiri, ba zai ƙara karɓar kowa ba. Sake kunna shi na kawo sauƙi na kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a gane shi da wuri.

Ɗalibai kuwa nasu tarkon daban ne. TCP kwararo ce ta bayit, ba ta san inda saƙo ya ƙare ba. Ɗalibi ya aika kalma bai sa alamar sabon layi ba, saba na jiran alamar kafin ta ɗauka an gama magana, shi kuma na jiran amsa. Sai kallon-kallo. Da tcpdump ko Wireshark za a ga abin ƙuru-ƙuru: gaisuwa uku, ƙunshi ɗaya, ACK, sai fili. Wanda ya aika na ƙarshe da wanda ake bin bashin magana duk suna nan a rubuce.

Ya kamata a raba duk waɗannan da sabar da ta amsa da kuskure. Lokacin da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 ya ƙi hawa shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC, bayanin da hukumar ta bayar daga baya shi ne sabar tana mayar da kuskuren HTTP na ɓangarenta saboda matsalar tsarin shirin. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan siyasar lamarin, a fannin fasaha wannan magana ce ba shiru ba, kuma ta wanke hanya da hasumiya.

Kuɗi a tsakiyar shiru

Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kowa ya zama ɗalibin wannan darasi ba da son ransa ba. Mai sayen citta ya miƙa kati, na'ura ta yi ta juyawa, ta ce ciniki bai yiwu ba, wayarsa kuma ta yi ƙara an cire kuɗi. Abin da ya faru shi ne buƙata ta isa, an aiwatar, amsar ce ta makara ko ta ɓace. Daga inda na'urar take tsaye babu wata dabara da za ta bambanta ɓatan buƙata da ɓatan amsa, dukansu tsit ne iri ɗaya. A nan shawarar da na bayar ɗazu ta sake ƙulla haɗi da kai tana iya zama guba, domin sake ƙulla haɗi daban, sake aika umarnin cire kuɗi daban.

Abin da ya dace shi ne kowace buƙata mai taɓa kuɗi ko rajista ta ɗauki lamba tata tun daga na'urar mai nema, a adana lambar kafin a aika. In shiru ya biyo baya, tambayar farko bayan haɗi ya dawo ita ce ina aka kwana a kan lamba kaza, saba kuma in ta ga lambar da ta riga ta yi wa aiki sai ta maimaita tsohuwar amsa ba tare da ta sake cirewa ba. Rubutun da ke fitowa a fuskar na'ura shi ma ya faɗi gaskiyar abin da aka sani. “Bai yiwu ba” ƙarya ce in wa'adi ne kawai ya cika. Abin da ya kamata mai POS a Kachia ya karanta wa abokin cinikinsa shi ne: “Ba a samu amsa ba tukuna, kada a sake sa kati, ga lambar cinikin.”